Wutsiyar Jirgin Hudaifa

Sallama gare ku, masu karanta ni a bayan kanta da masu karanta ni miya na kamawa a kan wuta. Ku gyara zama. Kun saba jin ina yi wa samari dariya a nan, to yau juyi ya zo kaina, kuma na yafe muku dariyar tun kafin ku fara.

Ga wadda yau ta fara leƙowa: sunana Ulfa, 'yar Malam Mijinyawa mai shagon atamfa a Titin Koudoukou, nan unguwar Kilomita Biyar a Bangui. Da safe ina auna yadi. Da rana kuma ni ce mai kula da Mahaɗar Gada, inda layin dogo uku ke haɗuwa su bi ta kan gada ɗaya. Kada ki wahalar da kanki neman ta a taswira. Ƙasarmu kaf babu dogon da za ki ɗora ko baro a kai. Mahaɗar tawa a cikin waya take.

Wasa ne na tuƙin jirgin ƙasa, amma ba irin wanda mutum zai yi shi kaɗai ya gaji ya kashe ba. Mutanen Duwala, na Yamai, na Kano, na Abijan, har da wasu tsofaffin Turawa da suka rasa abin yi, duk muna kan dogo ɗaya a lokaci ɗaya. Wasu direbobi ne, wasu masu sigina irina. An yanka layin gunduwa-gunduwa, kuma doka ta farko ita ce jirgi biyu ba sa shiga gunduwa ɗaya. A bakin kowace gunduwa akwai fitila. Ja, tsaya. Kore, wuce. Ruwan ɗorawa kuwa cewa take: taho a hankali, ban gama yarda da abin da ke gabanka ba. Jirgin fasinja shi ne ɗan gata, jirgin kaya kuma a tura shi layin gefe ya jira har ɗan gata ya wuce. Mai juya layin da kunna fitilun a Mahaɗar Gada ni ce. Ba na magana a rediyon wasan, rubutu kawai nake yi, kuma sunana a can Kawu. Duk sun ɗauka wani dattijo ne mai furfura da ya yi ritaya.

Sau ɗaya na taɓa ganin jirgi da idona. Lokacin da rikici ya kore mu zuwa Ngaundere ina yarinya, Kaka Iyatu, mahaifiyar Baba, ta ja hannuna zuwa tasha don in daina kuka. Na ga wannan ƙaton abu, mai nauyin unguwa guda, ya tsaya cak saboda wata 'yar fitila ta yi ja. A shekarar da babu wanda ke tsayawa don wani, abin ya shiga raina, kuma har yau bai fita ba.

To, ga inda aka samu matsala. Na mai da wasan nan wurin auna samari.

Duk wanda ya fara zuwa zance, sai in nuna masa wasan kamar da wasa, in ce ƙawata ce ta koya mini. In ya shiga ya ɗauki jirgi, sai Kawu ya tare shi da ja a Mahaɗar Gada ba gaira ba dalili. Abdulrazak ɗan canji bai ko rage gudu ba, ya keta ja ya daki bayan jirgin fasinjan wani Baturen da har yau yake zagin sa. Da na tambaye shi ya ce, "Ai na leƙa, babu kowa a hanya." Sulaimanu mai babura ya tsaya, amma kafin in ƙifta ido ya rubuto wa Kawu zagi da Hausa, ya maimaita da Sango, ya rufe da Faransanci, har da uwar Kawu a ciki. Da yamma ya zo ƙofar gidanmu da turare yana min murya ƙasa-ƙasa. Na ce a ce masa uwar Kawu na gaishe shi. Bai gane ba, bai kuma dawo ba.

Sai Hudaifa. Ɗan Maraɗi ne, bai daɗe da zuwa ba, yana sayar da sola da batura a shagon kawunsa kusa da masu canji. Dogo ne, kaftani ruwan toka kullum a goge, kuma komai ka faɗa masa sai ya ce, "To, madalla." Ruwa ya doke shi a ƙofar gidanmu, to madalla. Mama ta ba shi gozo da miyar ngunza, wato tuwon rogo da ganyensa, wanda bakin ɗan Maraɗi bai taɓa sani ba, ya haɗiye ido na ruwa ya ce to madalla. Ina son shi. Na faɗa, ku yi abin da za ku yi.

Ran Talata Baba ya kira ni yana shan shayi a tsakar gida.

"Ulfa, ni ba zan yi miki dole ba, kin sani. Amma ran Juma'a in mun sauko daga Masallacin Koudoukou, kawun yaron nan zai biyo ni gida. Me zan ce masa?"

"Baba, ana dubawa."

"Ana dubawa, ana dubawa! Ke asibiti ce? Eh ko a'a nake so. Na gaji da sauya hanya in na hango iyayen samari."

Daga ɗaki Kaka ta ɗaga murya: "In ba ta so a bar mini shi. Ni ko ganin farko ya ishe ni, ga shi da sola, in huta da duhu."

A zuciyata eh ɗin ta riga ta zauna ta miƙe ƙafa. Amma kun san hali. Na ce bari dai in yi 'yar jarrabawar nan, don kada a ce na yi son kai. Dama ya shiga wasan tun makon da ya wuce, yana ta jan ƙananan jirage a tashar koyo.

Ran Laraba bayan azahar na tura masa saƙo a matsayina na Ulfa: "Yau akwai babban tashi, ka ɗauki jirgin siminti, an ce ya fi daɗi."

Ya amso: "To, madalla. Ba ya da nauyi?"

"Kai dai ɗauka."

Jirgin simintin nan shi ya fi kowane jirgi tsawo a wasan, tarago bayan tarago kamar layin masu ɗiban ruwa a famfo. Na zaɓa masa shi don in ga ko zai iya da birkinsa. Na zauna a bakin gado, na buɗe allon Kawu, ina kallon 'yar alamarsa tana tahowa. Na juya masa layin gefe, na kunna ja. Ya tsaya tsaf, hancin jirgin daidai fitila. Zuciyata ta ce, kin gani? Na ce mata yi shiru, bari ya ɗan dahu.

Daidai nan Mama ta banko labule.

"Taso maza, ita, kayan Duwala sun iso, an kawo gida kafin a kai shago. Ki zaɓi na Juma'a kafin 'yan uwan babanki su ji labari."

Mama haifaffiyar Bangui ce, in ta yi murna kowa "ita" ne a wurinta, wato ɗan uwa, har da 'yarta. Na kife wayar a kan filo, na ce yanzu zan dawo.

Jama'a, ku yi mini adalci. An baje su a kan tabarma: leshi ruwan zuma mai ƙananan duwatsu, shadda ruwan ƙwai mai sheƙi, atamfa mai ganyen kore da zaren zinariya a baki, ga mayafai masu laushi da ke zamewa daga hannu. Na ɗaura wannan, Mama ta ce ya mai da ni matar ɗan majalisa. Na ɗaura wancan, Kaka ta ce kamar labulen otal. Na yafa ruwan zuma na tsaya gaban madubi ina gwada yadda zan sunkuyar da kai in kawunsa ya ce ina ɗiyar tamu. Ina cikin haka Kaka ta fito da kwanon lalle da ta kwaɓa tun safe.

"Zauna. Ba a cewa eh da farin hannu kamar na mai wankau."

Ta zauna ta yi mini zane har wuyan hannu, yatsa bayan yatsa, tana ba ni labarin wani mai duba tikiti da ya so ta a jirgin Yawunde. Da ta gama ta zura hannuwana biyu a leda ta ɗaure da tsumma, ta ce in na motsa kafin ya kama za ta tsine wa wayata. Na jingina da bango, iska na kaɗawa, ina tunanin Hudaifa da yadda zai ga hannun nan. Wallahi shi nake tunani. Shi ɗin da ke tsaye a jar fitila kuwa, ko a mafarki bai faɗo mini ba.

Sai da ladan ya kira la'asar na ji wani gurnani daga ɗaki, kamar an kulle ƙudan zuma a gwangwani. Wayata ce ke rawa a kan filo.

Na ruga da hannuwa a sama kamar wadda 'yan sanda suka tare. Na juya wayar da gwiwar hannu. Allon Kawu, wanda a kullum kore da ja ke wasa a kansa, ya zama ja wur daga sama har ƙasa.

Ga abin da ya faru. Layin gefen Mahaɗar Gada gajere ne, jirgin siminti kuma kun ji tsawonsa. Kansa ya shiga ya tsaya a fitila, amma wutsiyarsa tana waje, kwance a kan mahaɗar. Muddin tarago ko ɗaya na kan gunduwa, wasan na ɗaukar ta a cike, ba ya barin kowa ya shiga. Ni da nake koya wa sababbi su auna jirgi kafin su tura shi gefe, zumuɗi ya hana ni aunawa. Jirgin fasinjan farko ya zo ya tsaya bayan wutsiyar. Na bayansa ya tsaya a gunduwar baya. Na bayan wancan ma haka, a layi uku duka, har tashoshin da ban taɓa jin sunansu ba. Kuma a ƙungiyarmu ba a taɓa allon mutum sai ya sauka da kansa ya miƙa wa wani. Ni ban sauka ba. A idon wasan, Kawu na nan zaune daram yana kallon duniya na ƙonewa.

Saƙonni kuwa kamar ruwan sama:

"Kawu, ka mutu ne?"

"A duba dattijon nan, ko hawan jini ne."

"Mai siminti, keta kawai! Mu mun yafe!"

A ƙarƙashin wannan na ga amsar Hudaifa: "Ja ce. Ba ni ke da ita ba."

Wani ɗan Kano ya ce, "Malam, tun azahar fa!" Ya amsa, "To, madalla. Ni batir ɗina ba ya ƙarewa." Na ga ma ya riƙa shirya mutane: na nesa su tsaya a tasha maimakon kan hanya, na kusa kada su matso gada. Mutumin da bai fi mako a wasan ba!

Na sa hanci zan danna kore, allon bai san hanci ba. Na sa haɓa, ya buɗe mini hotuna. Na ƙwala wa Kaka kira.

"Kaka, don Allah taimake ni, danna mini wannan koren na gefen dama!"

Ta karɓi wayar, ta miƙa hannu nesa tana ƙanƙance ido. "Wannan ne jirgin? Ina hayaƙin? Ina masu sayar da ayaba ta taga?"

"Kaka, koren!"

"Ni da na hau na gaske za ki koya wa?" Ta dangwala babban yatsa. Ba kore ta danna ba. Rediyo ta buɗe, wanda Kawu bai taɓa buɗewa ba tun da ya shiga wasan.

"Alo? Alo! Wane ne Hudaifa a cikinku? Ka yi haƙuri ɗan nan, Ulfa ce ta manta da kai, lalle nake sa mata na Juma'a. Kai ma da ka ga ba ta zo ba ai sai ka sauka ka tako da ƙafa!"

Sai wata murya daga Abijan ta tambaya da Faransanci me tsohuwar ta ce. Ɗan Kanon nan, Allah ya isa tsakanina da shi, ya fassara musu kalma-kalma, har da lallen. Dariyar da ta fashe daga ƙasa biyar ba zan manta da ita ba. Wani tsohon Bature ya riƙa busa odar jirginsa, sauran suka ɗauka. Na fizge ledar da haƙori, na danna kore da ɗanyen lalle. Allon ya yi dama-dama, zanen babban yatsana ya tafi. Jirgin siminti ya ja jiki a hankali, ya haye gada, bai busa oda ko sau ɗaya ba.

Kafin magariba aka yi sallama a ƙofar gida. Ban ja aji ba, karon farko a tarihi. Na zari mayafi na fito hannu a ɓoye. Hudaifa na tsaye jikin bishiyar mangwaro, kaftanin nan ruwan toka, fuskarsa ba fushi ba dariya.

"Ina wuni, Kawu."

Na so ƙasa ta tsage. "Hudaifa, wallahi ba haka na shirya ba. Ɗan lokaci kaɗan na so in..."

"Na sani. Tun ranar da na fara zuwa nan Abdulrazak da Sulaimanu suka zaunar da ni a bencin masu canji. Sulaimanu ya daɗe da gano uwar Kawu. Suka ce za ta kai ka gada ta kunna ja, ko sama za ta faɗo kada ka motsa. Duk Titin Koudoukou an san jarrabawarki, Ulfa. Har masu babura na caca a kai."

Ni da nake ganin babu mai wayona daga nan har Kilomita Goma Sha Biyu.

"To ai ka ci," na ce, murya kamar ta sauro.

"Ban ci komai ba, an ba ni amsa tun kafin a yi tambaya. Jira kuwa ba ya damuna, sana'ata ce, wanda ke sayar da sola a damina ya iya jira. Ina tsaye ina jin daɗi ma, ina cewa tana can tana kallona." Ya dubi ƙasa. "Ashe ba kya kallo. Wannan ne ya yi mini zafi. Mutanen bayana kuma, su me suka yi? Wani ya ce ranar hutunsa ke nan guda a mako."

"Kai nake yi wa kwalliyar," na ce, hawaye na neman tona ni. Na fito da hannun, da yatsan da ya lalace.

Ya kalli hannun ya daɗe. Na ga bakinsa ya motsa kamar zai yi murmushi, ya fasa.

"Ya yi kyau. Amma ni ma ina da abin da nake dubawa: in fitila na hannun mutum, yaya yake yi da ita? Zan ce wa kawuna ya je wurin Baba ran Juma'a kamar yadda aka yi. Abin da zai faɗa ne ban gama sani ba."

Ya yi sallama ya tafi. Bai ce to madalla ba, kuma rashin jin ta ya fi zagin Sulaimanu ciwo.

Ran Alhamis Shef Hamza, shugaban ƙungiyarmu da ke Duwala, ya kira ni. Ya yi dariya har da tari, sannan ya gyara murya ya ce doka doka ce: an sauke ni daga allo, in koma direba, jirgin kaya kawai, sai ya ga hankalina. Na ce wa zai riƙe Mahaɗar Gada? Ya ce ya samu wani ɗan koyo mai sanyin kai. Ban tambayi suna ba, kaina na wani wuri. Yinin ranar na tura wa Hudaifa saƙo uku, duk ya karanta, amsarsa ɗaya: "Allah ya kai mu goben."

Yau Juma'a. Tun hantsi na yi wanka na sa leshi ruwan zuma, Mama na soya kaji tana waƙa da Sango, Kaka na ta shiga da fita tana cewa in yaron ya fasa ita a shirye take. Zama ya gagare ni, sai na buɗe wasan don in rage zullumi. Jirgin da aka ba ni, don mugunta irin ta Shef Hamza, siminti ne. Na ja shi ina tafe, har na hango gadata daga ƙasa, yadda ban taɓa ganin ta ba. Aka juya ni layin gefe na tashar da ke kafin gada, mai tsawon nan, wanda ke ɗaukar jirgin duka har wutsiya. Wanda ya yi wannan ya auna. Fitila ta yi ja. Na taka birki.

Saƙo ya shigo daga allon mahaɗa: "Jirgin siminti, a tsaya." Sunan mai siginar na sama ɓaro-ɓaro, ko ɓoyewa bai yi ba. Hudaifa.

Na duba gaba, babu kowa a gada. Na duba baya, babu fasinja ko ɗaya.

Baba ya leƙo, babbar riga fara, darduma a kafaɗa. "Na tafi masallaci. Me zan ce?"

"Ka ce eh, Baba."

"Alhamdu lillahi, asibiti ta sallami mutum! To me ya sa kike kallon waya kamar an aiko miki da sammaci?"

"Jira nake, Baba."

"Ke? Jira?" Ya juya yana kiran Mama ta zo ta ga abin mamaki.

Na rubuta "Har yaushe?" na goge. Na rubuta "Ai babu kowa a hanya," na tuna wanda ya taɓa faɗin haka, na goge da sauri. Ladan ya fara kiran farko, na san yanzu Hudaifa zai rufe shago, kuma in ya tafi ya bar ni a ja, na ji amsata ke nan tun kafin kawunsa ya buɗe baki. Na ɗora hannuwana a cinya, na kalli 'yar fitilar nan yadda na kalli ta Ngaundere. Sannan na rubuta masa kalma biyu: "To, madalla."

Ya karanta. Ƙamshin kaji ya cika ɗakin, ni kuwa idona na kan fitilar.

Fitilar ta ƙifta. Ba kore ba ce. Ruwan ɗorawa.

Na saki birki a hankali, da yatsan nan mai rabin lalle.